Giwar Kawu Datti

Setapak, Kuala Lumpur
Watan Fabrairu

Kawu Datti,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da Anti Hadiyya da yara. Umma ta ce ƙafarku ta sake tashi. Allah ya sawwaƙe, ya kuma ba ku haƙurin bin dokar likita. Ni lafiya lau. Ruwa na sauka kullum da la'asar kamar ma'aikacin da ba ya makara, kuma har yanzu ban yafe wa mutanen nan sukarin da suke zubawa a miya ba.

Na bi umarninku: takarda da biro, sannan in ɗauki hoto in turo. Dinah, 'yar Kaduna da muke haya tare, ta ce ni kaɗai ce a Malesiya ke rubuta wasiƙa da hannu don ta aika ta waya. Na ce mata kawuna malamin Larabci ne a jami'a, ba ya karanta saƙon da aka yanke wa kalmomi wutsiya.

Kun tambayi kundin da nake digiri na uku a kansa. A ƙasar Farisa aka haɗa shi, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Wani mai kwafi ne ya tara duk abin da yake ganin ya kamata mai ilimi ya sani: manɗiƙi, hisabi, tafiyar taurari, magunguna, halayen dabbobi, da wata risala a kan rai, wato me ke samunsa bayan jiki ya faɗi. Wani wajen Farisanci, wani wajen Larabci. Risalar ran ita ce tawa. Duk waɗanda suka yi rubutu a kanta sun ce guntuwa ce, ƙarshenta ya ɓace. Suka yi mata ta'aziyya a ƙasan shafi, suka wuce.

Ɗakin da ake ajiye kundin sanyi gare shi kamar na ajiye kifi. Puan Khaulah mai kula da shi ba ta barin kowa ya ɗauki hoto. Da ka ɗaga waya sai ta ce "Tak boleh," wato ba a yarda ba, tana murmushi kamar ta yi maka kyauta. Fensir kawai da ido.

To, Kawu, kuna tuna zauren kakana Malam Sirajo, lokacin da kuke zaune a gidansa kuna karatu? Littattafansa ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a cikin tadarishi. In iska ta watsa su, sai a sa mu jerawa. Ku ne ma kuka fara nuna mini kalmar nan da ake rubutawa a can ƙasan shafi, wadda ita ce ke buɗe shafi na gaba. Malam yana ce mata 'yar jagora. Idona bai taɓa daina nemanta ba. A shafin da aka ce risalar ta yanke, na duba 'yar jagora, na duba shafin da ke biye, ba su san juna ba. Sai na bi kundin warƙa warƙa. Na same ta, Kawu. Ƙarshen risalar bai ɓace ba. Wanda ya ɗinke kundin daga baya ne ya cusa warƙoƙin a babin dabbobi, suna nan zaune tsakanin raƙumi da jimina, ba wanda ya tambaye su me suke yi a can.

Na zana muku kalmar a gefen takardar nan da rubutun gida, irin na allo. Ba sai na fassara wa malamin Larabci ba.

Ko Farfesa Najiba mai duba aikina ban gaya wa ba tukuna. Ku na fara gaya wa, don ku kuka rubuta mini takardar shaida har na sami tallafin karatun nan, ku kuka zauna da Abba har ya yarda na taho. Ai aikin naku ne, Kawu, ni riƙo nake yi.

'Yarku,
Zuhra

*

Kano
Watan Maris

'Yata Zuhra,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya. Ƙafa da sauƙi, sai dai antinki ta haɗa kai da likita sun hana ni jan nama.

Na karanta takardarki har sau biyu, idona ya ciko. Malam, Allah ya jiƙansa, bai yi asarar tawadarsa ba. Ko da yake ni da uwarki zumuncinmu sai an zauna an warware, kakana da kakanta wa da ƙane, amma ni ban taɓa ganin tazarar ba. Gida ɗaya muka ci tuwo.

Ga shawarar babba. Kada ki yi gaggawar gaya wa malamarki. Ba na zargin kowa, amma na daɗe a harkar jami'a, na ga abin da idon ɗalibi bai gani ba. Abu in ya fita daga baki kafin ya nuna, sai ki tsince shi a aljihun wani. Ki turo mini lambobin warƙoƙin da yadda kika jera su, da fassarar ɓangaren Farisancin tunda ni ba na jinsa, in duba miki da idon gida. In ya tsaya da ƙafarsa sai ki kai mata.

Ki riƙa cin abinci. Hoton da uwarki ta nuna mini, wuyanki ya yi tsawo.

Kawunki,
Datti

*

Setapak
Watan Oktoba

Kawu Datti,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na san kuna lafiya, don na gan ku a hoton ɗaurin auren ɗan uwanmu Adnan, kuna riƙe da tsire. Ke nan an sasanta da likita.

Tun da na turo muku lambobin da fassarar ban sake jin ɗuriyarku ba. Na rubuta da azumi, na rubuta da babbar salla. Na yi muku uzuri iri iri: jarrabawa, yajin aiki, ƙafa. Da na gaji da jira sai na rubuta babin, na miƙa wa Farfesa Najiba.

Shekaranjiya ta kira ni ofishinta da ke Jalan Semarak. Mace ce da ba ta ɗaga murya. Ta zuba mini shayi, ta juyo da fuskar kwamfutarta wajena, ta ce, "Zuhra, kin san wannan mutumin? Ɗan ƙasarku ne."

Maƙala ce a wata mujallar ilimi, ta fito watan jiya. Tana bayanin yadda aka gano ƙarshen risalar rai a cikin babin dabbobi ta hanyar bin kalmar ƙasan shafi. Lambobin warƙoƙin nawa ne. Fassarar tawa ce, har da wurin da na yi shakka na sa alamar tambaya. Alamar ce kawai aka cire. Sunan da ke sama naku ne, shi kaɗai.

Na ce mata, "Kawuna ne."

Ta ce, "Ah." Ta ajiye cokalin shayi. Sannan ta ce in dai abin ya riga ya fito da sunan wani, kwamiti ba zai karɓe shi a matsayin bincikena ba. Mafi sauƙi a ce ban kawo sabon abu ba. Mafi muni a ce ni na kwafa daga gare ku. Babin nan shi ne ƙashin bayan digirin. In aka zare shi, abin da ya rage bai fi gabatarwa da godiya ba.

Na ga sunana, kada ku ce ban duba ba. Yana can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: kuna godiya ga "ɗiyata Zuhra, wadda ta taimaka da kwafe wasu layuka." Na gode. Ko Puan Khaulah ta fi ni samun wuri, don ita an gode mata da "kyakkyawar tarba," alhali ba ta taɓa ganinku ba.

Kun gargaɗe ni cewa zan iya tsintar abina a aljihun wani. Na yi ta kallon Farfesa Najiba wata da watanni ina ɓoye mata takarduna, baiwar Allah.

Ina jiran bayani.

'Yarku,
Zuhra

*

Kano
Watan Oktoba

Zuhra,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai takardarki ta hana ni cin abincin rana.

Ban san zaman waje yana sauya harshe haka ba. Ki koma ki karanta abin da kika rubuta da hannunki: "Ai aikin naku ne, Kawu, ni riƙo nake yi." Ni na sa ki? Kuma wa ya nuna miki 'yar jagora tun kina goge majina da hannun riga? Ke kika faɗa da bakinki. Dabarar tawa ce, ke kika kai ta inda ƙafata ba ta kai ba.

Bari in gaya miki abin da ban gaya wa ko antinki ba. Sau biyu ana dawo mini da takardun neman farfesa, wai ba ni da maƙala a mujallar waje. Ɗaliban da na koya wa nahawu yanzu su ke zama a kan takarduna. Ritaya ta matso. Ke kuwa yarinya ce, kundin yana gabanki, babi nawa ne a ciki? Ki ɗauki taurari, ki ɗauki magunguna. Ni wannan ce kaɗai ƙofata. Na yi niyyar gaya miki in abin ya tabbata, don ki yi murna tare da mu. Farfesa a dangi riga ce da kowa zai sa.

Ki gaya wa malamarki aikin gida ne, tare muka yi. Ki ambaci maƙalata a babinki, ki ɗora a kai. Haka ilimi yake tafiya.

Kawunki,
Datti

*

Setapak
Watan Nuwamba

Kawu Datti,

Assalamu alaikum. Ina fatan an koma cin abincin rana. A gaida Anti.

Gaskiyarku, ni na rubuta "naku ne." Ranar sunan ƙanwata Fiddausi ma da kuka zo, Abba ya ce muku "Ga gidanku." Ban ji kun aiko a sauya sunan da ke takardar filin ba. Duk ƙarshen wasiƙa ina rubuta "'yarku," kuma ba ku taɓa ce wa Abba ya ba ku ni ba. Kara na yi muku, irin wadda aka koya mana. Kun san ta sarai, don ku ma da ita kuke gaida na gaba da ku. A wannan karon ne kawai kuka ga dama kuka karanta ta kamar yarjejeniyar kotu.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. A ofis ban iya karanta maƙalar har ƙarshe ba, idona ya ƙi. Sai da amsarku ta zo Dinah ta sayo mana shinkafa a shagon abincin Indiyawa da ke ƙasan benenmu, wanda ake ce wa mamak, ta ce da irin maganar 'yan garin nan, "Ci tukuna, lah, sannan ki karanta. Ba a karanta irin wannan da yunwa." Na ci, na karanta. A shafi na shida na tarar da giwa.

Kun rubuta cewa kalmar da ta haɗa warƙoƙin ita ce "fil," giwa. Kuka ɗora shafi guda da rabi a kanta: wai marubucin ya kwatanta rai da giwa, babba ce amma ƙaramin mutum ke zaune a wuyanta yana juya ta, kamar yadda hankali ke juya rai. Har kuka ce ba mamaki shi ya ruɗi mai ɗinkin ya kai warƙoƙin babin dabbobi. Wallahi ya yi daɗi, Kawu. Shi kaɗai ne wurin da na ji muryarku a duk maƙalar.

Sai dai babu giwa a risalar. Kalmar "ƙila" ce, wato "an ce." Marubucin zai kawo maganar wasu ne. A kundin ɗigo biyu ne a kan harafin, ƙaf ce tsaf, ko daga bakin ƙofa aka hango ta. Ni ce da na zana muku na yi ta da rubutun allo, yadda Malam ya koya mana: ƙaf ɗigo ɗaya a sama, fa ɗigo ɗaya a ƙasa. Na ce muku da rubutun gida ne. Ku kuwa kun daɗe kuna karanta bugun inji, inda ɗigo ɗaya a sama fa ce. Kuka ga hannun Malam Sirajo ba ku gane shi ba.

Washegari muka je ɗakin sanyi da Farfesa Najiba. Puan Khaulah ta buɗe mana shafin. Farfesa ta duba ɗigo biyun, ta duba maƙalar, ta ce, "To ina ya samo giwa?" Na ari fensir na rubuta mata ƙaf irin ta Kano. Ta kalla, ta kalla, sai ta toshe baki da gyale kafaɗunta na rawa. Puan Khaulah ta ce a yi shiru, ana karatu. Ni ban yi dariya ba. Giwar nan ba ta da inda za ta fito a duniya sai gefen wasiƙata, kuma duk wanda ya ga kundin da idonsa ba zai haife ta ba.

Farfesa ta yarda da ni. Amma kwamiti ba ya aiki da yarda. Sai mujallar ta gyara, ta ce binciken nawa ne. Ta ce za ta rubuta wa editan ta haɗa da hoton wasiƙata, in na amince. Na roƙe ta ta dakata zuwa ƙarshen wata.

Ku rubuta musu da kanku, Kawu. Ku ce an yi kuskure wajen suna, ku janye maƙalar. Ku zaɓi kalmomin da za su rufa muku asiri, kun fi ni iya su. Ba na neman ku ba ni haƙuri. Babina nake nema.

'Yarku,
Zuhra

*

Kano
Watan Nuwamba

Zuhra,

Salam. Jinina ya hau, likita ya ƙara magani. Na faɗa miki ne don ki sani, ba don komai ba.

Ɗigo ɗaya! A kan ɗigo ɗaya za ki tsayar da ni gaban baƙi? Kuskuren mai buga rubutu ne, kowace maƙala tana da irinsa. Takarduna suna gaban masu tantancewa yanzu haka. In mujallar nan ta janye, ba farfesa kaɗai zan rasa ba, kwamitin ladabtarwa zan fuskanta da furfurata. Kin san yadda garin nan yake. Kafin la'asar labari ya kai masallacin unguwa.

Ki bari abin ya wuce. In ya tabbata, wallahi zan rubuta ta biyu in sa sunanki a gaba, nawa a baya. Zan nema miki ƙarin shekara a wajen masu tallafi, ina da mutane. Shekara ɗaya mece ce a wajen mai shekarunki?

Na je na sami uwarki. Ta yi kuka. Ta ce ba ta haifi 'yar da za ta kai kawunta ƙara wajen Turawa ba. Na ce mata ba Turawa ba ne, kuma Zuhra ba za ta yi ba, na san tarbiyyarta. Ki tuna wanda ya zauna da ubanki. Ki tuna Malam yana kwance, bai bar mu don mu tona wa juna asiri ba.

Kawunki, wanda ya ɗauke ki a kafaɗa,
Datti

*

Setapak
Watan Janairu

Dakta Datti,

Assalamu alaikum. Ina fatan jinin ya sauka. Da gaske nake wannan.

Na jira har ƙarshen wata, na ƙara mako biyu da ban gaya wa kowa ba. Kullum in na sauko daga jirgin ƙasa sai in duba waya, ina cewa yau zai rubuta musu. Abin da ya zo shi ne kiran Umma. Ba ta tambaye ni me ya faru ba, kun riga kun gaya mata. Ta ce, "Zuhra, takarda ce fa. Takarda ta fi mutum?" Na ce, "Umma, shekaruna ne a ciki." Ta ce, "To shi fa, nasa shekarun?" A gidanmu kuwa shekarun babba kullum sun fi nauyi a sikeli. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kun san haka kafin ku je wajenta.

Mai buga rubutu ba ya ƙirƙiro shafi guda da rabi a kan giwa. Da kun ce mini, "Zuhra, na matsu, na ɗauka, ki yafe," ban san me zan yi ba. Wataƙila da na ɗauki taurarin. Na auna kaina sau da yawa, kuma ina jin da na ɗauka, don ni ma a zauren nan aka yi ni. Amma ba ku roƙa ba. Sai ma kuka nuna mini cewa ni na ba ku.

Na ce wa Farfesa Najiba ta aika. Editan ya amsa da ladabi mai sanyi, ya ce za su janye maƙalar su buga bayani. Na roƙi kada su yi amfani da kalma mai muni, ya ce suna da tasu kalmar, ba a sauyawa. Kwamiti ya karɓi babin. Zan kare aikin bayan azumi in Allah ya kai mu.

Umma ba ta ɗaga wayata tun ranar. Anti Hadiyya ta cire ni daga zauren dangi na waya, ta bar Fiddausi ta sanar da ni. Dinah ta ce in yi kuka in huta, na ce mata zan yi in na gama gyaran babi na huɗu.

Jiya na koma ɗakin sanyi na karanta ƙarshen risalar a jere, karo na farko ba tare da ina neman komai ba. Bayan "ƙila" ɗin nan, marubucin ya kawo maganar masu cewa rai yana manta gidan da ya fito in ya daɗe a wani wuri. Shi bai yarda ba, ya yi shafi uku yana musu. Ban san wanda ya fi gaskiya ba, ni aikina jera warƙoƙi ne.

A shafin godiya na sa sunan Malam Sirajo. Na sa naku a ƙarƙashinsa, na ce ku kuka fara nuna mini 'yar jagora, don gaskiya ne, kuma ba na son in ci abin da ba nawa ba. Saboda haka ma nake so mu rabu da lissafi a fili, yadda ba wanda zai sake karanta kara a matsayin kyauta. Risalar ta mai ita ce, Allah ya jiƙansa. Binciken nawa ne. Giwar kuwa, Kawu, taku ce. Ba na riƙe muku ita.

Zuhra Aliyu